Tsirran Da Ke Cin Ƙwari: Yadda Za A Shuka Irinsu A Maiduguri

Kowa ya san cewa ƙwaro ne ke cin tsiro, amma cikin ikon Allah akwai tsirrai fiye da iri 600 a duniya waɗanda su ne ke cin ƙwaro. Galibinsu suna fitowa ne a fadamu masu tsamin ƙasa, inda abincin tsiro ya yi ƙaranci, don haka sai su cike giɓin da abin da suke tsotsa daga jikin ƙwari. Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya wallafa littafi sukutum a kansu cikin 1875.

Waɗannan tsirrai ba baƙi ba ne a ƙasar nan. A Tafkin Chadi ana samun wanda masana ke kira Utricularia, mai ƙananan jakunkuna cikin ruwa da ke zuƙe 'yan halittu. Akwai kuma Drosera, mai gashi da danƙo a ganye, wanda ke fitowa a wurare masu damshi. Wanda ya fi suna dai shi ne Dionaea, mai ganye kamar tarko, wanda asalinsa jihohin Karolina biyu ne na Amurka.

To, mutumin Wulari da ke sha'awar shuka su a tsakar gida, abokin gabansa na farko shi ne ruwa. Ruwan burtsatse da na famfo galibi suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke ƙone saiwar waɗannan tsirrai sannu a hankali. Abin da ya dace shi ne ruwan sama, a tara shi tun daga Yuni zuwa Satumba, ko kuwa tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batirin mota, muddin babu asid a cikinsa.

Na biyu shi ne ƙasa. Taki, na gargajiya ko na zamani, guba ne a gare su. Sai a sami ɓawon kwakwa da aka niƙa, a jiƙa a wanke shi sau da yawa, a gauraya da yashi wankakke, a zuba a kaskon roba mai huji a gindi. Irin ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ba a binne su. A barbaɗa su a sama, a rufe da farar leda, a ɗora kaskon cikin faranti mai ruwa, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka kai tsaye. Irin Drosera da Dionaea kan tsiro cikin mako biyu zuwa shida. Shi kuwa Sarracenia sai ya yi wajen mako shida cikin firiji tukuna, wanda ke nufin wanda ba shi da tsayayyar wutar lantarki gara ya haƙura da shi.

Na uku shi ne yanayi. Zafin Afrilu a Maiduguri kan wuce digiri 40, hunturu kuma yakan busar da kome. Saboda haka damina ce lokacin shuka, kuma mai koyo ya fara da Drosera na ƙasashe masu zafi.

Akwai gargaɗi biyu ga mai karatu. A intanet ana yawan sayar da irin ciyawa da sunan Dionaea, alhali irinsa na gaskiya baƙi ne mai sheƙi, ƙarami kamar riɗi ko bai kai ba. Sannan kada wani ya ɗauka waɗannan tsirrai za su raba shi da sauro, har ya ajiye gidan sauronsa. Abin da suke kamawa kaɗan ne, farantin ruwan ma idan ba a sauya shi, sauro zai iya yin ƙwai a ciki.

Dionaea kan yi shekara uku ko fiye kafin ya girma. Sai dai Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.