Ƙwayar Kemis da Hayaƙin Ɗaki Na Cin Masu Fuka a Ƙasar Bakolori

Daren wata Talata cikin hunturun da ya wuce, bayan kasuwar Mafara ta watse, ƙanwata ta buga min ƙofa da ɗanta mai shekara bakwai saɓe a kafaɗa. Ba ya kuka, don ba shi da numfashin yin kukan. Ƙirjinsa na ƙara kamar ana busa usur, ramin wuyansa na lotsawa duk sa'ad da ya ja iska. Na ce, "Ina abin shaƙarsa?" Ta ce, "Yaya, Gwaggo ta ce in aka saba masa da shi ba zai rabu da shi ba har abada. Ƙwaya muke ba shi." Ta kwance bakin mayafinta, sai ga 'yan ƙwayoyi farare ƙulle a leda, ba kwali, ba suna. Wata biyar ke nan yana haɗiyarsu. A lokacin ne na dubi kumatun nan nasa da muka daɗe muna yabo, muna cewa yaro ya yi ɓul-ɓul, gabana ya faɗi.

Allah ya sa yana da sauran kwana. A asibiti aka gaya mana sunan ƙwayar: dexamethasone.

Abin da ya same mu yana samun gidaje da yawa daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, kuma kullum ƙara yaɗuwa yake. Mun tsorata da maganin da ke ceton rai, mun rungumi wanda ke cin jiki a ɓoye. Gudun gara ne muka faɗa gidan zago. Dexamethasone da 'yar'uwarta prednisolone magunguna ne na gaske. Likita kan ba mai fuka su na 'yan kwanaki idan ciwon ya tashi da ƙarfi, sannan a tsaya. Amma wanda ya mai da su abin karin kumallo wata da watanni, fuskarsa za ta kumbura, ƙashinsa ya yi rauni, ciwon suga da hawan jini su samu ƙofa, yaro kuma ya daina tsawo. Wani abin tsoron shi ne, jiki yakan daina samar da nasa sinadarin idan ya saba da na waje, don haka wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba. Yankewar kanta tana iya kai shi ƙasa. Ya je wurin likita a rage masa sannu a hankali.

Na san abin da ya tura mutane wurin mai kemis, ba na kuma raina shi. Tun da kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harka kai tsaye a Nijeriya, kuɗin abin shaƙar nan Ventolin ya yi tashin gwauron zabo, ƙwaya kuwa da ɗan canjin aljihu ake samunta. Ga hanya da ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, mutumin ƙauye ba zai ɗauko mara lafiya a kan babur bayan isha'i ba. To, wannan matsalar ce ma ta sa dole maganin gaskiya ya kwana a ɗaki, tunda asibiti ba kusa yake ba.

Abin shaƙa iri biyu ne, rashin rarrabe su kuma shi ke kashe mutane. Shuɗin nan, salbutamol, na buɗe hanyar iska ne nan take idan ciwo ya tashi. Ba ya warkar da kumburin da ke cikin huhu. Mai wannan aikin shi ne ɗayan, irin su beclomethasone da budesonide, wanda ake shaƙa yadda likita ya tsara ko da mutum na jin garau, a kuskure baki bayan an gama. Shi ma dangin waccan ƙwayar ne, sai dai ɗan mitsitsi ne ke tafiya kai tsaye cikin huhu, ba ya bin jini ya mamaye jiki kamar ta haɗiya. Tun 2019 masanan fuka na duniya suka daina ba manya shawarar dogara ga shuɗin shi kaɗai. Gwangwani ɗaya fesa 200 ne a ciki. Wanda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara, fukarsa ba ta kwanta ba, yana bakin haɗari. Batun wai abin shaƙa na kama mutum kamar taba, ƙarya ce tsagwaronta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da fuka, ta kuma kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu inda magani bai isa hannun mutane ba.

Idan yaro bai iya haɗa fesawa da jan numfashi ba, a nemo robar ruwa ta rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a fesa ciki, shi kuma ya ja ta bakin robar. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara suka wallafa sakamakonta a 1999, ta kuma yi aiki.

Sai cikin gida. Na shiga ɗakin da yaron nan ke kwana washegari. An rufe taga ruf saboda sanyi, ga kaskon turaren wuta a gefen gado, ga tokar maganin sauro mai hayaƙi a ƙarƙashinsa, an kuma yayyafa fiya-fiya a lungu saboda kyankyasai. Buhunan shinkafa shanshera na jingine da bango. Ni mai lafiya sai da na yi tari. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ta ba mu shinkafa rani da damina, mun gode Allah, amma ƙaiƙayin sussuka da ƙurar injin casa da hayaƙin tattakar da ake ƙonawa a fadama duk cikin huhunmu suke sauka, ga buji daga Nuwamba har Fabrairu, ga hayaƙin kara da itace a madafa. Mai fuka ya kwana a gidan sauro, a daina kunna masa hayaƙi. Uwargida ta turara kayanta a waje. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da bargo a rana, a fitar da hatsi da kaji daga ɗakin kwanansa. Kada a goya yaro mai fuka a tsaya da shi a bakin murhu.

Batun abinci kuma mun kasu biyu, kowa ya kauce. Wasu da zarar an ce fuka sai su hana yaro ƙwai da kifi da nono da mai, har ya rame a banza, alhali yawancin masu fuka babu abincin da ke tayar musu da ita. Wasu kuma suna ganin alama ƙiri-ƙiri suna cewa borin jini ne, zai wuce. Wanda jikinsa bai karɓi wani abinci ba, cikin 'yan mintoci zuwa awa biyu abin ke nunawa: fata ta yi rudu-rudu, leɓe da ido su kumbura, amai, murya ta shaƙe. Idan mai wannan yana da fuka, haɗarin mutuwarsa ya fi na kowa. A nan shuɗin abin shaƙa bai isa ba, Piriton ma ba ta isa ba. Allurar adrenaline ce maganin, kuma ba a jiran gari ya waye. Ku tuna gyaɗa, wadda jikin wasu ba ya karɓa, tana ɓuya a cimarmu: tana cikin yajin tsire da kilishi, tana cikin kwaɗon rama da zogale, tana cikin kunu. A gaya wa malamin makarantar allo da na boko abincin da jikin yaro ba ya karɓa, a gaya wa maƙwabta, kada kunya ta sa a yi shiru a gidan biki.

Haka nan wasu masu fuka aspirin da ibuprofen da diclofenac na tayar musu da ciwo, su ne kuwa ake zubawa cikin haɗin ciwon jiki da manoma ke saya bayan an taso daga gona. Propranolol na hawan jini ma yana toshe musu numfashi. Duk inda za a ba ka magani, fara da cewa kana da fuka.

Iyaye, idan yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓensa ya canza launi, ko aka fesa masa bai samu sauƙi ba, ku zaunar da shi, kada ku kwantar da shi. Ku fesa ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kamar minti guda, har goma, kuna kan hanyar asibiti mafi kusa. Wanda fukarsa ta ƙi kwanciya ya nemi a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mai ledar ƙwaya a ƙarƙashin matashin kai kuma, don Allah ya ɗauke ta ya kai wa likita ya gani kafin hunturun bana ya kama.