Daren da sabarmu ta shaƙe: RAM ya cika, suwaf ya cika, ina mafita?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau maganar kwamfuta za mu yi, kuma na san wasu har sun ɗora yatsa za su wuce. Ku ɗan dakata. In dai kana da shafin intanet, ko na ƙungiya ne ko na kasuwanci, ko kana koyon wannan harka, abin da ya same mu zai iya samunka.

Watannin baya ƙungiyarmu ta buɗe rajistar horar da matasa. Gurbin kaɗan ne, wa'adin kwana uku. Ƙarfe takwas na dare muka saki adireshin shafin a WhatsApp da Facebook. Tara ba ta yi ba wayata ta fara ruri. Wata ƙanwarmu a ƙungiyar ce ta fara kira, ta ce, "Yaya, shafin fa ya ƙi buɗewa, sai juyawa yake." Can kuma ya daina juyawar, ya koma nuna saƙon cewa an kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Kun dai san halinmu. Kafin goma har an fara rubutawa a ƙarƙashin sanarwar cewa dama an riga an raba guraben tsakanin 'yan uwa, rajistar ta rufa ido ce. Wallahi wannan ya fi mutuwar shafin yi mini ciwo, don babu gurbi ko ɗaya da aka ba wani.

Shafin namu yana zaune ne a kan saba, wadda wasu ke fassarawa da uwar garke. Kwamfuta ce kawai da ba a kashewa, tana can wani ɗaki a wata ƙasa, muna biyan hayarta duk wata da dala. Tamu ƙarama ce, RAM ɗinta giga 1, tana aiki da Linux. Da na samu na shiga cikinta da ƙyar, sai na ga RAM ya ƙare, suwaf ma ya cika maƙil. Abokina da ke riƙe da asusun ƙungiya ya ce, "Malam, kawai mu sayi babba mu huta." Na ce masa da wane kuɗin?

To bari in yi bayanin abubuwan nan biyu, don a nan kowa ke ruɗewa. Da farko, memorin da nake magana ba katin nan ba ne da ake sa wa waya ana tura waƙoƙi. Ku ɗauki shagon tela ana gab da Sallah. Teburin da yake yanka a kai shi ne RAM: duk kayan da ake aiki a kansu yanzu dole su hau teburin. Sito na bayan shago shi ne suwaf, wanda za ku ga an rubuta Swap a allon. Wani yanki ne na diski da aka ware, in tebur ya matse sai a kwashe yadin da ba a taɓa ba tun safe a kai can. Linux yana kwasar kayan ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa yawanci kilobait 4. Bambancin kawai, sito yana da nisa. Ɗauko abu daga diskin SSD ya fi ɗauko shi daga RAM jinkiri kusan sau dubu, in kuma tsohon diski ne mai juyawa, abin ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Af, masu wayar da aka rubuta wa 8GB+8GB a kwali, kun riga kun san suwaf ba ku sani ba. Abin da Samsung ke kira RAM Plus, Tecno ke kira Memory Fusion, duk dangin wannan dabara ce. Takwas ɗin farko ne RAM na gaske.

Yanzu ga abin da na so ku riƙe. Sito ya cika da kaya, wannan shi kaɗai ba ciwo ba ne. Telan da ya kai yadin da sai bayan Sallah za a karɓa sito, ai hankali ya yi. Kuma Linux ba ya dawo da abin da ya kai suwaf sai an neme shi, shi ya sa za ka iya ganin suwaf cike kwana uku bayan cunkoso ya wuce, alhali saba tana gudu lafiya lau. Ciwon yana farawa ne lokacin da tela ya karɓi ɗinki hamsin kuma duk yana son yin su lokaci guda. Ya aiki yaron shago ya kai wannan sito, kafin ya dawo ana neman wanda ya kai, ya ɗauko, a ba shi wani ya mayar. Yaro na ta gudu, gumi na zuba, keke kuwa ko ɗinki ɗaya bai yi ba. Wannan zirga-zirgar ita ke kashe saba.

Ta yaya za ka gane wanne kake ciki? Akwai umarni biyu. Na farko free -h. Zai nuna maka layin Mem da layin Swap. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne kallon ginshiƙin free, in ga 'yan megabait kaɗan sai gabana ya faɗi. Ashe Linux da gangan yake cike gurbin da ba kowa da fayilolin da aka karanta kwanan nan, don in an sake nema kada a koma diski. Su ne ke ƙarƙashin buff/cache, kuma da zarar wata manhaja ta buƙaci wuri zai saki mafi yawansu. Ginshiƙin da za ka kalla shi ne available, wanda aka ƙara wa Linux a 2014 daidai don maganin wannan ruɗani. In available yana da kauri, kwantar da hankalinka.

Na biyu vmstat 1. Wannan duk daƙiƙa zai fito da sabon layi. Layin farko matsakaici ne tun daga lokacin da aka kunna sabar, kada ka kula shi. Nemi ginshiƙai biyu, si da so. Si shi ne abin da ake ɗaukowa daga suwaf, so kuma abin da ake kaiwa. In sifili ne ke ta sauka, ko suwaf ya cika yaron shago yana zaune ne yana hutawa. In kuwa lambobi ne manya suke ta zuba ba tsayawa, ga kuma wa, wato lokacin da injin ke ɓatawa yana jiran diski, shi ma ya haura, to ka shiga. A daren nan namu lambobin ko numfashi ba sa yi.

Saura saƙon rumbun bayanai. Shi kuma daga ina? Na buga dmesg -T na bi rahoton, sai ga layi ɗaya yana cewa memori ya ƙare, an kashe mysqld. Linux yana da wani ɗan sanda a cikinsa, OOM killer ake ce masa. In RAM da suwaf duk sun ƙare, maimakon sabar gaba ɗaya ta sandare, sai ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe, kuma yawanci wadda ta fi kowa cin wuri yake kamawa. A ƙaramar saba irin tamu, wannan kusan kullum MySQL ce, wato rumbun da sunayen masu rajista ke ciki. Abin haushin, ba ita ce mai laifin ba. Ita dai ta fi kowa ƙiba ne a ɗakin.

Mai laifin na same shi da na buɗe top na danna babban harafin M, wanda ke jera manhajoji daga mai cin memori da yawa zuwa ƙasa. Sai ga php-fpm, php-fpm, php-fpm, layi bayan layi har ƙasan allo. Waɗannan su ne ma'aikatan da ke haɗa shafi duk lokacin da wani ya buɗe. Kowane ɗaya yana cin wajen mega 60. Na buɗe fayil ɗin saitinsu, na ga pm.max_children = 50. Kuma ba wani ne ya sa ba, ni ne. Na kwafo shi daga wani darasi a intanet shekara guda kafin nan, ban tsaya na tambayi kaina girman sabar mai darasin ba. Ku yi lissafin da kanku: 50 sau 60, mega 3000 ke nan, a kan tebur mai mega 1024. Duk tsawon shekarar ba a taɓa samun mutum hamsin sun shigo tare ba, shi ya sa asirina bai tonu ba sai a daren.

Gyaran lissafin 'yan firamare ne. Cikin 1024 na cire wajen 150 na Linux da ƙananan hidimominsa, na cire wajen 350 na MySQL, ya rage kusan 500. Na raba da 60, ya ba ni 8. Na mayar da 50 ta koma 8, na tayar da MySQL, na sake kunna PHP. Abokina ya ce, "Kai, mutane sun yi yawa kuma ka rage ma'aikata?" Eh, haka ne, kuma na san yana kama da wauta. Amma ma'aikata takwas da ke da wurin aiki suna gama kowane shafi cikin ƙiftawar ido su karɓi na gaba, sauran jama'a su ɗan jira a layi daƙiƙa ɗaya ko biyu. Hamsin ɗin can kuwa ba wanda ke gama komai, kowa jiran sito yake. Masu Apache, naku sunansa MaxRequestWorkers, lissafin ɗaya ne. Wajen sha ɗaya saura shafin ya dawo, kuma bai sake faɗuwa ba har aka rufe rajista. Mun ƙara kwana ɗaya a wa'adin, muka fito muka faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye.

Na kuma sa pm.max_requests = 500, wato kowane ma'aikaci in ya yi aiki ɗari biyar a sallame shi a kawo sabo. Dalili, wasu manhajojin suna yoyo: su karɓi memori su manta ba su mayar ba, kullum suna ƙara kumbura. Alamar yoyo ita ce ka ga cin memori yana hawa a hankali kwana da kwanaki ko ba baƙi, in ka kashe ka kunna ya sauka, ya sake fara hawa. Kashewa da kunnawa Panadol ne kawai, gobe zazzaɓin zai dawo.

Akwai shawarwari biyu da za ku ci karo da su da zarar kun yi bincike, kuma ina da magana a kansu. Ta farko, wai ka buga swapoff -a ka share suwaf. Don Allah kada ka yi wannan a tsakiyar rikici. Umarnin yana nufin a kwaso duk kayan sito a zube a kan tebur. In available bai kai girman abin da ke cikin suwaf ba, kai da kanka ka kira ɗan sandan nan. Wasu ma cewa suke a cire suwaf kwata-kwata tunda yana da jinkiri. Ni ban yarda ba, musamman a ƙaramar saba. Da babu suwaf a daren nan, da MySQL ta mutu tun da wuri. Shi ne ke ba ka 'yan mintunan da za ka shiga ka duba. In taka ba ta da shi, giga 1 ko 2 ya isa: ka ƙirƙiri fayil da fallocate, ka kulle shi da chmod 600, sai mkswap, sai swapon, sannan ka rubuta shi a /etc/fstab don kada ya ɓace in an sake kunnawa. Amma kada ka zuba giga 8 kana murna ka samu RAM kyauta. Faɗin sito ba ya ƙara wa tebur ko taƙi ɗaya.

Ta biyu ita ce vm.swappiness. Yawancin Linux suna zuwa da shi a 60. Za ka ji ana cewa wai ma'anarsa in RAM ya kai kaso kaza cikin ɗari sai a fara amfani da suwaf. Ba haka ba ne. Ma'auni ne na zaɓi: in wuri ya matse, me za a fara sadaukarwa, fayilolin nan na buff/cache ko kayan manhajoji da za a kai sito? Ƙaramar lamba tana cewa a fi sakin fayilolin. Da daga 0 zuwa 100 yake, tun Linux 5.8 a 2020 ya kai har 200. Ni na sa namu a 10 saboda ba na son a riƙa kai kayan MySQL sito, da sysctl vm.swappiness=10, na kuma rubuta shi a /etc/sysctl.conf. Amma gaskiya ko da na sa shi tun farko ba zai cece mu ba. Mega 3000 ba za su shiga 1024 ba ko wace lamba ka sa.

Wani abu da na gwada daga baya kuma ya burge ni shi ne zram. Maimakon a kai kaya diski, sai a matse su a ajiye a wani lungu na RAM ɗin kansa, kamar a naɗe yadi a danne shi a gefen tebur. Yana ɗan cin ƙarfin injin, amma ya fi zuwa diski sauri sosai. Wayoyin Android sun daɗe suna amfani da shi, Fedora ma ta mayar da shi tsarinta na asali tun fitowa ta 33 a 2020.

To yaushe ne maganar abokina take zama gaskiya, a sayi babba? In ka daidaita yawan ma'aikata, ka toshe yoyo, ka kashe hidimomin da ba ka amfani da su, amma a rana ta yau da kullum available yana ƙasa-ƙasa kuma si da so ba sa komawa sifili, to aikinka ya girmi teburinka, ka biya kawai. Mu dai har yau muna kan giga 1 ɗinmu. Abin da na ƙara shi ne ɗan gajeren umarni da ke duba available duk minti biyar, in ya sauka ƙasa da mega 100 ya turo mini saƙo a Telegram. Sau biyu ya tashe ni cikin dare, duka biyun kuma wasu injinan leƙen shafuka ne suka yi mana rubdugu, na toshe su na koma barci.

Wanda sabarsa ke irin wannan shaƙewa, ya ɗauki hoton free -h da layi goma na vmstat 1 ya ajiye a wajen sharhi, amma ya rufe adireshin sabar tukuna. Zan duba in amsa gwargwadon abin da na sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.