Tsohuwar waƙa cikin sabuwar riga

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wani dare bayan karatu muna sauraren radiyo a ajinmu na yaƙi da jahilci. Sai aka sa waƙar samari da ƴan mata masu yawa, suna kira a dasa itace. Wata tsohuwa ta ajiye allonta ta ce mini: «Malam, ai wannan waƙar daɓe ce. A bakin uwata na koye ta. Magana kawai suka sake.» Radiyo ta faɗi sunan ƙungiyar, amma ba ta faɗi inda waƙar ta fito ba.

Irin wannan waƙa ta taro ta yi ƙarfi a zamanin samariya. Bayan Seyni Kunce ya hau mulki a 1974, an farfaɗo da samariya birni da ƙauye. A 1976 aka yi wasan matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan jahohi, kowace jaha da waƙar da ta kawo gasa.

To, ina mawaƙan ke samo waƙa? Da yawa daga gida: waƙar gaɗa ta dandali, ta daka, ta niƙa, ta gayya, ta kai amarya. Sukan riƙe karin muryar da amshin. Inda da zabiya guda ke bayarwa ƙawayenta na amsawa, sai a jera maza gefe, mata gefe, a haɗa da kalangu ko gurmi, wani lokaci har da jita. Sannan a zuba sabuwar magana: haɗin kai, tanadin hatsi, karatu.

Aikin ba wasa ba ne, don Hausa tana da hawa da sauka. Ku faɗi «kuka» ta miya, ku faɗi «kuka» na yaro. Rubutu ɗaya, murya daban. In mawaƙi ya ɗora kalma inda karin bai karɓe ta ba, sai itace ya koma hawaye.

Ga abin damuwa. Inji ya karɓe niƙa a garuruwa da yawa, siminti ya kori daɓe. In aiki ya tafi, waƙarsa ba ta daɗewa. Tsofaffin da suka riƙe ta kuma suna ƙarewa. Wanda ya cinye iri, me zai shuka da damina?

Yanzu kun iya rubutu. Kowa ya ɗauki kaye da alƙalami, ya zauna gaban kakarsa. Ya rubuta waƙa guda, da sunan mai ita, da garinsu, da aikin da ake yin ta a kai. Amma takarda ba ta riƙe murya, saboda haka ku koyi rerawa, ku koya wa yara. A ajinmu mun fara da waƙar tsohuwar nan, sunanta na bisan shafi.