Manhajar kyauta ko ta kuɗi: wacce ke faɗin gaskiyar ƙarfin ƙarfe?

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin fasaha na wannan mako, don wanda shirin ya wuce shi yana kiwo ko yana kan hanya.

Da yawanku kun tuna ranar 11 ga Janairun 2022, da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin wasa na Roumdé Adjia. Filin nan tun 1978 yake, aka sake masa gyara domin gasar cin kofin Afirka. Da ƙwallo ta shiga raga, dubban mutane suka miƙe lokaci guda suna tsalle a kan benen siminti. Ba wanda ya tsaya tambayar ko benen zai ɗauka. To amma kafin ranar, dole sai da wani ya zauna ya yi wannan lissafi. Yau irin lissafin nan da kwamfuta ake yinsa, kuma manhajojin kala biyu ne: akwai na kuɗi, akwai na kyauta.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. A ce ƙungiyarku ta makiyaya ta yi karo-karo, ta haƙa rijiyar burtsatse, za a ɗora tanki mai lita 10,000 a kan ƙafafun ƙarfe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tan 10 ne a sama, ga shanu da yara a ƙasa. Ko kuma mai mota ya sa an ƙara wa bodi hawa na biyu don ɗaukar tumakin layya. Sai injiniyoyi biyu suka zo neman aikin. Ɗaya ya ce manhajarsa ta miliyoyi ce, ɗayan ya ce tasa kyauta ya sauke a intanet. Wa za ku ba?

Me manhajar ke yi?

Duk makiyayi ya san dangwali ba ya tsinkewa a ko'ina. Wajen ƙulli yake ci, inda ja ya taru. Ƙarfe ma haka yake: wajen walda, wajen ramin noti, wajen kusurwa, nan wahala ke taruwa. Aikin manhajar shi ne ta nuna wurin tun ba a sayi ƙarfen ba.

Injiniya zai zana abin a kwamfuta, sai ya yayyanka zanen ƙanana-ƙanana kamar idon raga. Ya gaya mata irin ƙarfen, ya gaya mata inda aka kafe shi, ya gaya mata nauyin da za a ɗora. Ita kuma ta lissafa yadda kowane yanki ke jan maƙwabcinsa. Daga ƙarshe ta fito da hoto mai launi: shuɗi inda ƙarfe ke hutawa, ja inda yake shan wuya.

Na kuɗi

Manya a nan su ne ANSYS, wadda wani injiniyan Amurka John Swanson ya kafa kamfaninta a 1970, da Abaqus ta kamfanin Dassault na Faransa, sai SAP2000 da Robot da masu lissafin gine-gine ke yawan aiki da su. Abin da kake saye da kuɗinka abu uku ne. Na farko sauƙi: ka danna nan, ka danna can, aiki ya tafi. Na biyu, idan ka maƙale akwai kamfanin da za ka tuntuɓa. Na uku, irin su Robot sun zo da ƙa'idojin gini a cikinsu, kamar Eurocode da BAEL ta Faransa wadda injiniyoyin Kamaru suka saba da ita, har su fitar maka da takarda a tsare wadda ofishin bincike zai karɓa ba gardama.

Matsalar kuɗin ne. Cikakken lasisin manyan nan yakan kai miliyoyin sefa, kuma galibi duk shekara sai an sake biya, da kuɗin waje. Babban kamfanin da ke gina gada ba zai ji komai ba. Yaron da ya fito daga makarantar injiniya ta Marwa ko ta Ngaundere yana neman aikin tanki ɗaya fa? ANSYS na ba ɗalibai kyauta, amma da iyaka kan girman aikin, kuma don koyo ne, ba don neman kuɗi ba. Shi ya sa kwafin sata ya yi yawa. Kwafin sata kuwa kamar saniyar da ba ta da takarda ce: ba garanti, ba wanda za ka kai wa kuka, wani lokaci ma da cuta take zuwa.

Na kyauta

Mutane na ɗauka duk abin da aka ba ka kyauta araha ce mai hana barci. A nan ba haka ba ne. Code_Aster, kamfanin wutar lantarki na Faransa wato EDF ne ya ƙera ta don lissafin tashoshinsa na nukiliya da madatsun ruwa, sannan ya sake ta ga kowa a 2001. Asalin littattafanta da Faransanci suke, abin da ya yi wa yaranmu na wannan ɓangaren daidai. CalculiX kuma injiniyoyi biyu ne suka rubuta ta, Guido Dhondt da Klaus Wittig, mutanen kamfanin injin jirgin sama. Akwai FreeCAD, wadda ake zane da ita kuma a kira CalculiX daga cikinta.

Lissafin da ke cikinsu duk ɗaya ne da na masu tsada. In aka ba su tambaya iri ɗaya, aka yanka ragar iri ɗaya, amsar kan zo kusan daidai. Kuɗin da ba ka biya da aljihu ba, da lokaci za ka biya shi. Koyonsu na da wuya, sau da yawa sai ka rubuta umarni da hannu. In ka maƙale, sai dai ka tambayi 'yan'uwa masu amfani da ita, su amsa ran da suka ga dama. Kuma ba za su ce maka “ƙa'ida ta yarda” ko “ba ta yarda ba”. Lambobi za su ba ka, kai ka auna da littafin ƙa'ida.

Inda gizo ke saƙar

Ga labarin da ya kamata kowa ya riƙe. Ranar 23 ga Agustan 1991, a ƙasar Norway, gindin wani katafaren dandalin haƙar mai na siminti mai suna Sleipner A ya tsage ya nutse a ruwa ana cikin gwaji. Asarar ta kai wajen dala miliyan 700. An yi lissafinsa da NASTRAN, manhaja mai suna wadda asalinta daga hukumar sararin samaniya ta Amurka. Da aka bincika, sai aka ga an yanka ragar ba daidai ba a wata kusurwa, lissafin ya rage wahalar da bangon zai sha da kashi 47 cikin ɗari. Kuɗi akwai, manhaja akwai. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai zauna da biro ya ce, tsaya, wannan amsa ba ta yi kama da gaskiya ba.

Kwamfuta kamar sikeli take, abin da ka ɗora shi za ta faɗa. Ba ta san ƙarfen da aka sayo a kasuwa bai kai kaurin da aka rubuta ba. Ba ta san mai walda ya yi ɗige-ɗige ya shafe da fenti ba. Ba ta san ƙasar wurin karal ce, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina ba. Ba ta san guguwar farkon damina na iya samun tanki ba ruwa ta yi sama da shi ba, sai an gaya mata. Kuma ba ta san direba zai wuce tan 13 da dokar Kamaru ta yanka wa gatari ɗaya, ko tan 50 na mota gaba ɗaya ba. Wanda ya ga yadda manyan motocin Kuseri da Njamena suka yi cirko-cirko bayan gadar Palar ta Marwa ta karye a damunar 2020, ya san in gini ya faɗi ba injiniya kaɗai ke biya ba. Mai albasa da mai shanu su ma sun biya.

To, wa za ku ba aikin?

Don tanki, rumfar kasuwa ko bodin mota, manhajar kyauta ta isa har ta yi saura, in tana hannun wanda ya iya. Don babbar gada ko benen filin wasa, inda ofisoshi da yawa za su duba aikin juna, ta kuɗi na rage wahala da ɓata lokaci. Saboda haka ku bar tambayar sunan manhaja. Ku tambayi waɗannan:

Nauyi nawa ka saka, kuma ka saka iska da girgizar hanya?

Ka zo ka ga ƙasar wurin da idonka, ka auna kaurin ƙarfen da za a saya?

Ka gwada amsar da lissafin hannu?

Za ka ba mu takardar lissafi, wadda ake kira note de calcul, da sa hannunka da hatiminka? A Kamaru injiniyan gini na da rajista da ONIGC, a Najeriya kuma da COREN. Ku nemi lambarsa.

Wanda ya amsa huɗun nan ba kame-kame, ku ba shi, ko da kyauta ya samu manhajarsa. Wanda ya buɗe kwamfuta ya nuna muku hoto mai ja da shuɗi ya ce “inji ya ce lafiya”, ku ce masa Alhaji ya yi tafiya, sai ya dawo.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta hannun wakilanmu a kasuwannin shanu. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.