Injin Huda ko Injin Goge Katako?

Ƙanena kafinta ne a Ƙaraye. Bana jarinsa bai kai na injina biyu ba, sai ya nemi shawarata: ƙaramin injin huda mai batir, ko na gogewa? Na ce na huda. Sanfefa da haƙuri suna fitar da sulɓin katako, amma ɗaure sukuru da hannu a gadon amarya da kwabarta cin yini ne, kuma batirin da aka caza ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

Ya ce uwar amarya shafawa take yi da tafin hannu, ba ta duba sukuru. Da gaskiyarsa. Sai dai allunan MDF masu rufi da yake sarowa daga Kano da sulɓinsu suke zuwa, goge su ma ɓata su ne. Kafin bukukuwan kaka ya sayi na hudar.