Masu Neman Digirin Dakta: Kaya Ya Komo Kan Jami'o'in Gida

Masu karatu za su tuna, a ƙarshen shekarar 2024 Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wanda aka fi sani da TETFund, ya ba da sanarwa cewa daga ran 1 ga Janairu, 2025, ya dakatar da aika malamai ƙasashen waje don neman digiri na biyu da na uku. Dalilai biyu aka bayar. Na ɗaya, tsadar kuɗin waje, gama dalar Amurka da ake saye wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 cikin 2024. Na biyu, waɗansu daga cikin waɗanda aka aika sun ƙare karatu sun ƙi komowa gida. Waɗanda suka riga suka fara kuwa, aka ce za a ci gaba da biya musu har su gama.

Ma'anar wannan sanarwa a fili take. Kayan da jami'o'in Ingila da Amurka da Malesiya ke taya mu ɗauka ya komo kan jami'o'inmu na gida. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa jama'a irin wahalar da ke cikin wannan karatu, da taimakon da mai yinsa yake bukata, da inda taimakon yake, da inda ya gaza. Za mu fi kafa misali da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da yake ita ce uwa ga jami'o'in Arewa.

Mene Ne Digirin Dakta?

Da yawa cikin mutanenmu in sun ji an ce dakta sai hankalinsu ya tafi asibiti. To, wannan dabam ne. Digiri na uku shi ne matakin ƙarshe na karatun jami'a, kuma ba a samunsa da haddace abin da waɗansu suka rubuta. Sai mutum ya zaɓi wata matsala da ba a warware ba, ko ta noma, ko ta tarihi, ko ta lissafi, ko ta harshe, ya bi diddiginta shekara da shekaru, ya zo da sabon abu wanda masana za su yarda cewa ya ƙara wa ilmi.

Ga yadda hanyar take a jami'o'inmu. Da fari Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko takan karɓi ɗalibi, sashensa kuma ya naɗa masa 'yan kwamiti masu duba aiki, da shugabansu. Sa'an nan ya rubuta tsarin abin da yake nufin bincikawa, ya tsaya gaban malamai da ɗalibai ya kare shi. In an yarda, sai ya shiga fage, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko gona, ko ma'ajiyar tsofaffin takardu. Yakan komo daga lokaci zuwa lokaci ya bayyana inda ya kai. In ya rubuta kundinsa, a bincika da na'ura a tabbata bai kwashe aikin wani ba, ya kare shi a cikin gida, daga bisani a kirawo wani shehun malami daga wata jami'a ya zo ya yi masa tambayoyi baki da baki. A takarda, shekara uku ce mafi ƙaranci ga wanda ba shi da wani aiki sai karatun. A zahiri kuwa, kowa a jami'a ya san waɗanda suka ninka wannan.

Kada wani ya ce wannan lamarin 'yan boko ne kaɗai, bai shafe shi ba. Wanda ya sami digirin nan shi ne zai koya wa malamin da zai koya wa ɗanka. Shi ne zai gwada irin da za ka shuka da maganin da za a ba dabbarka. In rijiya ta ƙafe, randa ba ta daɗewa.

Yadda Zariya Ta Fara

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, da Norman Alexander a matsayin shugabanta na farko, kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966. A zamanin nan, ɗan Arewa mai son digiri na uku yawanci sai ya ƙetare teku. Iya Abubakar a Kambirij ya yi nasa a fannin lissafi. Ko nazarin harshenmu na Hausa ma a waje aka fara kai shi wannan matsayi: M. K. M. Galadanci ya gama a Landan a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Ɗalhatu Muhammad kuma ya yi a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu a Landan a 1977.

Amma a wannan lokaci ne Sashen Tarihi na Zariya ya nuna wa duniya cewa ana iya yi a gida. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa, ya tara ɗalibai ya sa su karanta rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da Ajami, su kuma shiga gari su tambayi dattawa. Sa'ad Abubakar ya gama kundinsa a kan masarautar Fombina a 1970. Yusufu Bala Usman ya gama nasa a kan Katsina a 1974. Mahmud Modibbo Tukur ya gama a kan yadda Ingilishi suka kafa mulkinsu a Arewa a 1979. Duka uku an buga su sun zama littattafai, har yau kuwa ana komawa gare su.

Me ya sa wannan sashe ya yi albarka? Mu dai abu uku muka gani. Akwai malami da ya ba ɗalibansa lokacinsa. Akwai wurin da aka tara kayan bincike, watau Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Akwai kuma zaman ƙara wa juna sani, inda ɗalibi yakan karanta babi guda, 'yan'uwansa da malamansa su yi masa kaca-kaca, ya koma ya gyara. A kan waɗannan duwatsu uku tukunyar ta zauna. Bari mu duba su ɗaya ɗaya a yau, tare da na huɗunsu, watau kuɗi.

Maganar Kuɗi

Asalin TETFund yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi da Gwamnati ce a 1992. A 1993 aka yi dokar da ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu domin ilmi. A 2011 aka sake doka, aka keɓe asusun ga manyan makarantun Gwamnati, ana ba jami'o'i rabi, ragowar rabin a raba tsakanin kwalejojin fasaha da na horon malamai. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, aka kai shi kashi 3 a 2023, sa'an nan dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da waɗansu cikin haraji guda na raya ƙasa.

Daga wannan asusu ake biya wa malamai kuɗin karatu, da kuɗin zuwa taron masana, da na ƙananan bincike a cikin makaranta, da na buga littattafai da mujallu. Ba ƙaramin alheri ba ne. Amma ga inda gizo ke saƙa: taimakon na ma'aikatan manyan makarantun Gwamnati ne. Malamin sakandare, ko ma'aikacin gona na ƙaramar hukuma, ko yarinyar da ta fi kowa a ajinsu amma ba ta sami aiki ba, duk sai su biya daga aljihunsu. Kuɗin makaranta ma shi ne mai sauƙi. Abin da ke karya mutum shi ne kuɗin sinadaran gwaji, da kuɗin mota zuwa ƙauyuka, da kuɗin da waɗansu mujallu ke karɓa kafin su buga maƙala.

Akwai waɗansu ƙofofi ban da wannan. Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, wanda aka kafa a 1973, yakan ɗauki nauyin masu karatu a fannonin da suka shafi mai da iskar gas. Tun 2014 kuma Bankin Duniya ya fara tallafa wa waɗansu cibiyoyi a jami'o'in Afirka. A ciki har da cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a Zariya, da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero a Kano. Waɗannan cibiyoyi sun karɓi ɗalibai har daga ƙasashe maƙwabta. Abin da muke so ɗalibai su gane shi ne, irin wannan taimako ba ya biyo mutum gida. Sai an nema, an kuma iya rubuta takardar nema.

Wuraren Bincike

Ta wannan fuska Zariya ba ta da abin kunya. Akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, wadda kuma ta fitar da irin wake mai jure wa tsutsar da ke huda kwanso a 2019. Akwai cibiyar binciken dabbobi a Shika. Akwai cibiyar makamashi, inda aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a 2004. Mai nazarin tarihi yana da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Ƙasa a Kaduna, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma na'ura ba ta aiki sai da wuta, firjin ajiyar samfur kuma in ya mutu kwana biyu, aikin wata shida ya lalace. Gyara da man janareta ba su da kwarjini kamar sabon gini, amma su ne ke sa kundi ya kammalu.

Malami Da Lokacinsa

A nan ne babbar matsala take. Shehun malami guda yana koyar da ɗaruruwan 'yan digirin farko, yana zaman kwamitoci, yana kuma duba kundin mutane da yawa. Babi ya shiga ofishinsa ya yi watanni bai fito ba. Ɗalibi kuwa, da yake an hore mu da girmama malami, yana jin nauyin ya tambaya. Sai a yi ta zaman jiran juna.

A kan wannan ga yajin aiki. A 2020 jami'o'in Gwamnati sun yi wata tara a rufe. A 2022 sun yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Mai gwajin shuka in damina ta wuce shi, sai ya jira wata shekara.

Maganin rabin wannan ba ya bukatar ko kwabo. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami guda zai duba. A sa wa'adi, a ce babi ba zai wuce mako kaza a hannun malami ba. A riƙa rubuta ranar kowace ganawa, su biyu su sa hannu. A kuma buɗe wa ɗalibi ƙofar kai kuka, ko ta sauya malami, ba tare da an ɗauke shi mara kunya ba. Mata masu goyo su ma a ba su hutun da ba za a lissafa cikin shekarunsu ba.

Tarurruka Da Horo

Karatun nan karatun kaɗaici ne, kaɗaici kuwa shi ke kashe zuciya. Don haka zaman ƙara wa juna sani na sashe ya kamata ya zama na kullum, yana da rana da sa'a sananniya, ba sai ranar da wani zai kare aikinsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin masana, irin su Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya da aka kafa a 1955, suna yin taro, a can ne ɗalibi zai gamu da waɗanda yake karanta littattafansu, ya ji yadda ake gardamar ilmi cikin ladabi. Ya kamata kowane sashe ya tanadi ɗan abin da zai kai ɗalibinsa irin wannan taro ko da sau ɗaya.

Akwai kuma sana'o'in da ba a koyarwa a aji, amma ba a zama masani sai da su: yadda ake rubuta maƙala, yadda ake sarrafa alƙaluma da kwamfuta, yadda ake neman kuɗin bincike, yadda ake tsayawa gaban aji. Haka nan yadda ake gane mujallun bogi, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga kome ba tare da wani masani ya duba ba. Ɗalibi da yawa sun zuba gumin shekara a irin wannan rami.

Wata dabara da Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya ta ƙago a 2008 ta burge mu. Gasa ce, ana ba ɗalibi minti uku kacal ya bayyana bincikensa yadda wanda ba masani ba zai fahimta. Me zai hana mu yi haka da Hausa, a sa a rediyo? Wanda ya yi shekara huɗu yana nazarin ciwon dawa, in ya kasa bayyana wa manomin Giwa abin da ya gano, to, da sauran aiki a gabansa.

Roƙonmu

Ga Gwamnati, muna roƙon kuɗin da aka daina kashewa a waje a ga alamarsa a ɗakunan gwajinmu, a kuma keɓe wani kaso domin haziƙan da ba ma'aikata ba ne. Ga gwamnatocin jihohi da attajiranmu, muna tuna musu cewa ɗaukar nauyin mai bincike guda sadaka ce mai gudana, kamar gina rijiya. Ga shugabannin jami'o'i, su riƙa bayyana kowace shekara mutum nawa suka shiga, nawa suka fita, shekara nawa kuma suka yi, gama abin da ba a ƙidaya ba, ba a gyara shi. Ga malamai, su tuna da wanda ya duba nasu. Ku kuwa ɗalibai, ku riƙe juna, ku yi rubutu kullum ko da shafi guda ne, kada ku jira sai hali ya yi.

Magabata sun yi wannan aiki a Zariya ba su da kwamfuta, ba su da intanet. Mu da muka gaje su ba mu da hujja. Allah ya ba masu nema sa'a, ya sa abin da za su gano ya amfani talakawan ƙasar nan, amin.