Yadda Ake Ba Tafki Numfashi

Yau za mu leƙa ƙasar Suwizalan ne, mu ga yadda aka yi jinyar wani tafki da numfashinsa ya ɗauke.

Ko kin san kifi ma iskar oksijin yake shaƙa? Tana narke ne a cikin ruwa, kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. To, a lokacin zafi ruwan saman tafki mai zurfi yakan yi ɗumi ya yi sakayau, na ƙasa kuwa ga sanyi ga nauyi. Sai su ƙi haɗuwa, tamkar mai a kan miya, iska ta kasa isa ƙasa.

Tafkin Baldeg, mai zurfin mita 66, ya daɗe yana karɓar ruwan bahaya da na wanki da takin dabbobi daga gonaki. Duk suna ɗauke da sinadarin fosfet, wanda taki ne ga gansakuka. Ta yi ta yaɗo, in ta mutu ta nutse. Ƙwayoyin da ke ruɓar da ita suka cinye ɗan oksijin da ya rage, ƙasan tafki ya koma baƙin taɓo, ƙwan kifi ya daina ƙyanƙyashewa.

A shekarar 1982 aka shimfiɗa bututai a can ƙasan tafkin. Da zafi ana hura tsantsar oksijin, kumfa 'yan mitsi-mitsi, su narke ba tare da sun dama ruwan ba. Da hunturu kuma a hura iska da ƙarfi ta juya shi, kamar kina gauraya kunu. A 1984 aka yi wa tafkin Sempak haka.

Sai dai fa 'yar'uwa, bututu bai isa magani ba. Masana sun gano muddin datti na shiga, cutar na nan. Sai da aka gina wuraren tace ruwan ƙazanta, aka hana sa fosfet a garin sabulun wanki a 1986, aka rage zuba taki, sannan ruwa ya fara washewa. Duk da haka an shafe shekaru sama da 40 ana hura wa Baldeg iska.

Kin ji wahalar gyara. In kududdufin unguwarku ya yi kore yana warin ɓaragurbi, irin wannan ciwon ne. Don Allah a ja wa yara kunne, kada su riƙa juye shara da kashin awaki a ciki ko a kwata. A kai gona, can ne suke da amfani.